Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: ƙwayoyin halittar da ke rayuwa a ruwan kanwa na ƙasan teku

A daren 4 ga Disamban 2000 wasu masu bincike na cikin wani jirgin ruwa mai suna Atlantis a tsakiyar tekun Atlantika, suna jan kyamara a ƙarƙashin ruwa dan su ga fasalin wani ƙaton dutse da ke ƙasan tekun, ba maɓuɓɓugar ruwan zafi suka fito nema ba sam, kawai sai wasu fararen abubuwa dogaye suka fara giftawa a allo kamar hasumiyoyi. Gretchen Früh-Green, wata masaniyar duwatsu daga Suwizalan, ita ke zaune gaban allon lokacin. Daga baya aka saukar da ƙaramin jirgin nan mai nutso, Alvin, wanda mutum 3 kacal yake ɗauka, Deborah Kelley da Jeff Karson suka shiga suka je suka gano wa idonsu. Wajen ne aka sa wa suna Lost City, wato Ɓataccen Birni.

To me ya sa abin ya girgiza mutane haka, tunda ai an daɗe da sanin akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙasan teku? Tun 1977 aka gano na farko kusa da tsibiran Galapagos, a 1979 kuma aka ga masu baƙin hayaƙin nan a gabashin tekun Fasifik. Amma duk waɗancan a kan tsagar da narkakken dutse ke tasowa suke, wuta ce a ƙarƙashinsu kai tsaye, ruwan masu baƙin hayaƙin kan kai digiri 350 ko fiye, ga tsami, ga ƙarafa narke a ciki, shi ya sa da ya fito ya haɗu da ruwan sanyi sai ya yi baƙi ƙirin. Shi ko wannan sabon waje kilomita 15 ne tsakaninsa da tsagar tsakiyar Atlantika, a kan dutsen da ya kai shekara miliyan 1.5 da hucewa, inda ba wanda ya yi tsammanin ganin komai. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Ruwansa garai-garai ba hayaƙi, zafinsa daga digiri 40 zuwa 90 ne, sannan maimakon tsami sai ya zama ruwan kanwa.

Bari in tsaya kan wannan kanwa ɗin dan duk labarin a kansa ya rataya. Akwai ma'aunin da ake kira pH, yana tafiya daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya, ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kuma ɓangaren kanwa da toka da sabulu. Ruwan teku na yau yana wajen 8. Masu baƙin hayaƙi wajen 3 zuwa 4 suke. Ruwan Ɓataccen Birni kuwa 9 zuwa 11. Kar ka ga kamar daga 8 zuwa 11 taku uku ne kawai, kowane taku ninki goma ne, kenan taku uku ninki dubu. Ka riƙe wannan dubun zamu dawo kansa.

Abin da ke haifar da shi ba wuta ba ce, dutse ne ke shan ruwa. Duniya tana da ɓawo, a ƙarƙashin ɓawon kuma akwai abin da zan kira tsokar duniya, wani dutse mai nauyi mai launin kore-kore da ake kira feridotait, yawancinsa ma'adinin olibin ne mai magniziyam da baƙin ƙarfe. A ƙa'ida wannan dutse yana can kilomitoci a ƙasa ba ruwansa da ruwan teku. Amma a wannan yankin wata doguwar karaya ta jawo shi sama ta fallasa shi, ya zama tsauni mai tsawon kusan kilomita 4 daga gindinsa, kansa kuma yana zurfin mita 700 zuwa 800 daga saman ruwa. Da ruwan teku ya tsiyaya cikin tsagoginsa sai faɗa ya kaure a hankali: baƙin ƙarfen cikin olibin ya ƙwace oksijin daga jikin ruwa ya yi wani irin tsatsa ya koma magnetait, shi kuma haidurojin da aka raba da abokinsa ya fita a matsayin iska, dutsen kansa ya rikiɗe ya zama safentin mai santsi da zane-zane kamar fatar maciji. Abin burgewa, yana rikiɗa yana kumbura, ya ƙaru da wajen kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, kumburin ya sake tsaga dutsen, sabon ruwa ya sake shiga, haka abin ke ciyar da kansa. Shi ya sa wajen ya daɗe. Gwajin farko a 2003 ya ce ya haura shekara 30,000 yana zubo da ruwa, wani gwajin daga baya ya kai lissafin shekara 120,000, alhali bututu guda na masu baƙin hayaƙi sau da yawa shekaru goma-goma yake yi ya toshe ko aman wuta ya binne shi.

Su kansu hasumiyoyin ruwa biyu ne suka haɗu suka gina su. Ruwan da ke fitowa daga ƙasa cike yake da kalsiyam amma ba magniziyam ba kabon, ruwan teku kuma yana da magniziyam yana da kabon. Inda suka haɗu nan take alli ke zuba, tare da wani farin ma'adini mai laushi da ake kira burusait. A haka a haka har aka samu hasumiyoyi sama da 30, babbarsu da ake kira Poseidon ta kai mita 60, ka ƙiyasta bene mai hawa 18 ko 20 tsaye cikin duhu. A jikinsu akwai wasu fuka-fukai da ke fitowa gefe kamar rumfa, ruwan ɗumi da yake ya fi na sanyi rashin nauyi sai ya taru a ƙarƙashin rumfar ya zama tafki a kife, in fitilar jirgi ta haska shi sai ya yi ƙyalli kamar madubi, in ya cika ya malala ta baki ya zuba sama ba ƙasa ba. Sabon ginin fari fat ne, da yatsa zaka murƙushe shi, kuma cike yake da ƙananan ramuka kamar soso. Ramukan nan su ne gidajen da muke magana.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A wajen ƙwayar halitta da ba ta ganin rana, haidurojin shi ne abinci mafi daɗi, ba wahalar tauna ba komai, kuma wannan ruwa yana ɗauke da shi har milimol 15 (ma'aunin yawan sinadari ne) a kowane kilo na ruwa, ga iskar metan milimol 1 zuwa 2 a kai. Da lissafin makamashi kawai za a bi da wajen ya cika maƙil da halittu iri-iri har ba masaka tsinke. Amma da Matthew Schrenk da abokansa suka fasa guntayen hasumiyar suka duba a 2004, sai suka tarar a ɓangarori mafi zafi, inda ruwan ƙasa ke wanke bango ba tare da ya gauraya sosai ba, kusan iri ɗaya tak ne ya mamaye wajen, sama da kashi 80 cikin ɗari na ƙwayoyin duk shi ne. Ba wai ƙwayoyin ba su da yawa ba, a giram ɗaya na allin zaka samu miliyoyi har ɗaruruwan miliyoyi, irinsu ne ba yawa. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa, kuma ni a ganina duk wanda ya gane dalilin wannan ya gane wajen gaba ɗaya.

Matsala ta farko kabon ce. Makamashi kaɗai ba ya gina jiki, sai da tubali, tubalin duk wani mai rai kuwa kabon ne. Yawancin ƙwayoyin da ke cin haidurojin da kabon dayoksaid suke haɗa shi, su gina jikinsu da shi su kuma yi numfashi da shi. To a ruwan da pH ɗinsa ya kai 11 kuma ga kalsiyam jibge, kabon dayoksaid ba ya zama, yana shigowa yake komawa dutse. Ruwan teku yana ɗauke da narkakken kabon wajen milimol 2 a kilo, a ruwan da ke fitowa daga hasumiyar kuwa kusan babu, sai ɗan ɓurɓushi. Ka ga abin haushi, ƙwayar tana zaune ne a cikin gidan da aka gina da kabon, sama kabon ƙasa kabon, amma duk a daskare yake ba ta da haƙorin tauna shi.

Ta biyun ta fi wuyar bayani amma ta fi daɗi in ka kama ta. Kusan duk wani mai rai, daga bakteriya har kai da kake karatun nan, hanya ɗaya yake bi ya samar da ATP, wanda shi ne kuɗin da ƙwayar jiki ke kashewa a duk aikin da za ta yi. Ƙwayar tana amfani da ƙarfin abincinta ta tura furoton, wato haidurojin da aka cire wa ilaktoron, zuwa bayan tantanin da ya lulluɓe ta, su taru a waje su yi yawa kamar ruwan da aka datse a dam, sannan ta buɗe musu ƙofa guda ɗaya su dawo ciki da ƙarfi, a bakin ƙofar akwai wani ɗan inji da ke juyawa da gaske, juyi na zahiri kamar farfela, shi ke buga ATP. Wani Bature ɗan Ingila, Peter Mitchell, ya faɗi haka a 1961 aka yi ta masa kallon mai shirme, sai a 1978 aka ba shi kyautar Nobel. To tsami ba komai ba ne illa yawan furoton, kanwa kuma ƙarancinsu. Ƙwayar da ke zaune a ruwan pH 11 dole ta riƙe cikinta a wajen 8, in ba haka ba sinadaran cikinta su lalace. Ka tuna ninki dubun nan? Ma'ana furoton sun fi yawa a cikinta fiye da waje ninki dubu, dam ɗin ya juya baya kenan, ruwan ya fi tudu a ɓangaren da ya kamata ya zama gangare. Duk furoton da ta wahala ta tura waje nan take ruwan kanwa ke lashe shi.

Masu son kanwa sun samo dabaru dai. Akwai wata ƙofar musaya a tantaninsu da ke fitar da sodiyam ta shigo da furoton dan cikin kar ya koma kanwa. Suna kuma ƙara ƙarfin cajin lantarkin da ke tsakanin ciki da waje ya rufe giɓin. Wasu ma sun haƙura da furoton ɗin a wajen buga ATP sun koma juya injinsu da sodiyam, wanda shi kam ba a rasa shi a teku. Amma duk dabarar nan kuɗi take ci, kamar mutum ne da ke samun albashi mai tsoka amma rabinsa a gyaran rufin da ke yoyo yake tafiya. Ka ƙara da cewa a irin wannan ruwa fosfaras da baƙin ƙarfe da nikel su ma ba sa son zama a narke, kuma injinan da ke fasa haidurojin da nikel da baƙin ƙarfe ake ƙera su.

Shi ya sa rayuwa a wajen nan ba a cikin ruwan ƙasa zalla take ba, ba kuma a cikin ruwan teku zalla ba, a bango take, a kan iyaka. Cikin kaurin ƴan santimita na bangon hasumiya zaka tashi daga ruwa mai zafi digiri 80 ko 90, ba oksijin, haidurojin tuli, zuwa ruwan sanyi mai oksijin da kabon, kuma kowane taku da masu shi. Can ciki akwai wancan iri ɗayan da ya mamaye, wanda ba bakteriya ba ne, daga dangin arkiya yake, wani babban reshe na masu rai da sai a 1977 Carl Woese ya nuna cewa daban suke da bakteriya. An sa masa suna Methanosarcinales na Ɓataccen Birni, danginsa masu samar da metan ne. Yana yin wani yauƙi mai kauri da ke manne a allin kamar majina. A wuraren da suka fi sanyi, a tsofaffin hasumiyoyi, wani arkiyan ne da ake kira ANME-1 ke karɓar ragama, shi cin metan yake ba samarwa ba. A waje-waje inda oksijin ke isowa sai bakteriya masu ƙona salfa irin su Thiomicrospira da masu ƙona metan, sun yi zare-zare fari suna kaɗawa cikin ruwan ɗumi kamar gashi.

Shi dai wannan na cikin ya ba masana ciwon kai ba kaɗan ba. An yi shekaru ana ƙoƙarin raino shi shi kaɗai a ɗakin gwaji ya ƙi, dan haka yawancin abin da aka sani a kansa daga karanta DNA ɗinsa ne, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayar, da kallonsa a madubin ƙara girma. William Brazelton da malaminsa John Baross sun duba yauƙin sai suka ga abin mamaki: a gwajin gado iri ɗaya ne, amma a ido siffofinsa daban-daban, wasu manya wasu ƙanana wasu da wasu tsare-tsare a cikinsu, kamar ƴan gida ɗaya da suka raba aiki. Da aka zuba wa guntun yauƙin haidurojin a kwalba, samar da metan ya ƙaru, cin metan ma ya ƙaru, duka biyun a tare. A 2009 kuma suka ba da rahoton cewa sama da kashi 8 cikin ɗari na DNA ɗin da suka karanta daga yauƙin na wasu sinadarai ne masu yanko guntun gado su manna shi wani wuri, abin da ya ninka na sauran wuraren da aka taɓa dubawa sau goma. Fassarar da suka yi ita ce tunda baƙi ba sa iya zama a unguwar, ƴan gidan sai suka koma musayar gado a tsakaninsu dan su samar da bambancin da babu. Wannan fassara ce fa, ba wai an gama tabbatarwa ba, amma ni ta kwanta min.

To kabon ɗin fa daga ina? Nan ne labarin ya ɗauki wani salo. Dutsen ba haidurojin kaɗai yake bayarwa ba. A 2008 Giora Proskurowski da abokan aikinsa suka nuna cewa metan ɗin wajen da wasu ƙananan sinadaran mai da ke tare da shi ba mai rai ne ya yi su ba, dutse ne, hujjarsu kuwa babu wani nau'in kabon da ake kira kabon-14 a cikin metan ɗin ko kaɗan. Kabon-14 a sararin sama ake yinsa, yana shiga teku, kuma cikin shekaru dubu hamsin yake ƙarewa, in babu shi a cikin abu to kabon ɗin tsoho ne daga can cikin ƙasa ya fito. Bayan nan Susan Lang ta gano wani ƙaramin sinadari mai kabon ɗaya da ake kira fomet a ruwan da yawa, shi kuma alherinsa ba ya daskarewa ya zama alli. Kowa ya ɗauka shikenan an gano abincin mai gidan. Ashe ba haka ba. Binciken da ta fitar da Brazelton a 2018 ya nuna alamar cewa shi arkiyan ba shi da kayan cin fomet kai tsaye, masu cinsa wasu bakteriya ne masu numfashi da salfet, su ci su fitar da kabon dayoksaid, shi kuma da yake yana manne da su a cikin yauƙi ɗaya sai ya cafke kafin kalsiyam ya riga shi. Tsere ne na tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. In haka ne, wanda ya fi kowa yawa a gidan a bakin maƙwabcinsa ɗan tsiraru yake ci, kuma yauƙin nan da muke ƙyama shi ne ya sa hakan ta yiwu, dan shi ke tare kabon ɗin ya hana shi watsewa.

Akwai wani bincike na 2010 da nake so, inda aka kwatanta hasumiyoyi masu shekaru daban-daban, daga sabuwa har wadda ta haura shekara 1,000. Irin da ke mulki a tsohuwar hasumiya in ka duba sabuwa da kyau zaka same shi a ciki, amma ɗan mitsitsi, yana laɓe. Ruwan na sanyi, hanyoyin na toshewa, sai wanda yake laɓe ya miƙe, mai mulkin da ya koma laɓe. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, bambancin kawai su masu sabuwar rawar tun farko suna cikin filin suna jira ƙarni bayan ƙarni.

Dabbobi kam ba wani abin a zo a gani. Babu jajayen tsutsotsin nan masu tsawon mita 2 na Fasifik, sai ƙananan dodon koɗi da jatan lande ƙanana da tsutsotsi da yawancinsu ba su kai santimita ɗaya ba, ɓoye cikin ramukan allin, sai murjani a kan matattun hasumiyoyi.

Kuma ba shi kaɗai ba ne a duniya, shi dai ya fi suna. A gaɓar Prony ta tsibirin Sabuwar Kaledoniya a tekun Fasifik akwai irinsa a ruwa marar zurfi da mai nutso da tukunyar iska zai iya kaiwa, da wata hasumiya mai tsini kamar allura mai tsawon mita 38, ruwanta pH 11 amma bai kai digiri 40 ba, kuma daga can an yi nasarar raino bakteriya da dama a kwalba, ciki har da Serpentinicella alkaliphila. A kudancin ramin Mariana da ke ƙasan yammacin tekun Fasifik masu binciken Japan sun gano wani a zurfin mita 5,700 a 2010, shi har da kawa manya-manya. A yankin Mariana ɗin dai akwai tsaunukan laka da ruwansu ya kai pH 12.5. A kan tudu ma abin na faruwa, a duwatsun Oman da wani waje a Kalifoniya, inda aka samu wata bakteriya mai suna Serpentinomonas da ke manne wa allin kanta ta samo kabon daga jikinsa, wato ita ta samo haƙorin da na ce babu.

Yanzu ga abin da ya sa wannan waje ya wuce batun ƴan ƙwayoyi a cikin alli. Tun ƙarshen shekarun 1980, kafin kowa ya ga Ɓataccen Birni, wani masani a Glasgow mai suna Michael Russell ya ce dole akwai maɓuɓɓugan ruwan kanwa masu ɗumi a ƙasan teku, kuma yana ganin a irinsu sinadaran rayuwa suka fara haɗuwa. Daga baya William Martin a Jamus da Nick Lane a Landan suka faɗaɗa zancen. Hujjarsu ita ce shekara biliyan 4 da suka wuce tekun ba irin na yau ba ne, babu oksijin, cike yake da kabon dayoksaid da narkakken baƙin ƙarfe, dan haka yana da ɗan tsami, wajen pH 5 zuwa 6. Ka sa ruwan kanwa a cikin ramin hasumiya, ruwan tsami a waje, siririn bango mai ƙarfe da salfa a tsakani, me ka samu? Furoton da yawa a waje, kaɗan a ciki. Dam ɗin Mitchell kenan, a daidai fuskar da ƙwayoyin jikinmu ke amfani da shi, kyauta, ba wanda ya yi famfo. Wato abin da yau ya zama azaba ga ƙwayar da ke nutse cikin ruwan kanwa, shi ne zai zama batir in kana zaune daidai kan bango da kanwa a bayanka tsami a gabanka. Ni wannan juyin ne ya fi kama min hankali a duk maganar, ikon Allah.

Akwai abubuwan da suka mara wa ra'ayin baya. A 2016 ɗakin binciken Martin ya tace gadon dubban ƙwayoyi ya fitar da guntayen gado guda 355 da yake ganin sun fito daga kakan duk masu rai, kuma hoton da suka bayar na halitta ce mai son zafi, marar son oksijin, mai cin haidurojin da kabon dayoksaid. A 2018 Bénédicte Ménez ta Faransa ta ba da rahoton samun tiriftofan, ɗaya daga tubalan furotin, a cikin dutsen da aka haƙo daga wannan tsaunin, da alamar ba mai rai ne ya yi shi ba. A 2020 kuma aka nuna a ɗakin gwaji cewa ma'adinan da ake samu a irin wannan dutse, har da magnetait, suna iya haɗa haidurojin da kabon dayoksaid su ba da fomet da asitet da fairubet, waɗanda su ne matakan farko na tsohuwar hanyar da masu samar da metan ke bi har yau.

Amma da sauran rina a kaba, kuma masu suka ba ƴan wasa ba ne. David Deamer da Bruce Damer suna cewa ruwa mai yawa maƙiyin dogayen sarƙoƙi ne irin RNA (ɗan uwan DNA) da furotin, warware su yake, dan haka sun fi ganin tafkunan ruwan zafi na kan tudu da ke jiƙewa su bushe su sake jiƙewa. Wasu sun ce RNA ba ya jure ruwan kanwa, kuma gaskiya ne ba ya jurewa. Wani masani, Baz Jackson, ya ce bangon dutse ya yi kauri ƙwarai in aka kwatanta da tantanin ƙwaya, ba yadda za a yi ɗan injin farko ya ci moriyar bambancin. Lissafin 355 ɗin ma an yi ta jayayya a kan hanyar da aka bi. Sannan kar mu manta hasumiyoyin yau na alli ne, ba na ƙarfe da salfa ba, kuma ƙwayoyin da ke cikinsu ba ragowar farkon duniya ba ne, halittu ne na zamani da suka sha gyara shekaru biliyoyi, suna ma dogaro da salfet da oksijin da tsohon teku ba shi da su sosai. Ni dai inda na tsaya, a bangaren makamashi da kabon ra'ayin maɓuɓɓugar kanwa ya fi kowane ƙarfi, a bangaren yadda gado ya fara kuwa rauninsa a fili yake, kuma duk wanda ya ce maka an gama wannan shari'a to tallan ra'ayinsa yake.

Masu binciken sararin samaniya su ma sun sa ido, dan olibin da ruwa ba a duniyarmu kaɗai suke ba. A Oktoban 2015 kumbon Cassini ya ratsa ta cikin feshin da ke fita daga Enceladus, wani ƙaramin wata na duniyar Zuhal mai faɗin kilomita 500 da teku a ƙarƙashin ƙanƙararsa, a 2017 aka sanar cewa akwai haidurojin a feshin, ga metan, ga kabon dayoksaid, ruwan kuma ana ƙiyasta na kanwa ne. Sai dai darasin Ɓataccen Birni kaifi biyu gare shi a nan: ganin metan ba hujjar rai ba ce tunda dutse ma na yinsa, kuma tarin haidurojin da ba wanda ya cinye zai iya nufin akwai abinci, zai kuma iya nufin babu mai ci.

A 2023 jirgin haƙa JOIDES Resolution ya koma tsaunin, ya kafa bututunsa kusan mita 800 daga hasumiyoyin. Niyyarsu su haƙa mita 200 ne dan irin wannan dutse ya saba farfashewa ya cije bututu, sai ga shi yana tafiya sumul, suka ƙi tsayawa har sai da suka kai mita 1,268, mafi tsawon dutsen tsokar duniya da aka taɓa cirowa. Masu nazarin ƙwayoyin halitta na tsaye a bakin bututu, duk guntun da ya fito su ɗauki rabonsu da sauri su kankare bayansa dan kar ƙwayoyin ruwan haƙa su gurɓata shi, su daka cikin su daskarar, abin da suke nema shi ne iya zurfin da rai ke kaiwa a cikin dutsen kafin zafi ya hana. Shekara guda bayan nan, a 2024, aka yi wa jirgin ritaya.

Shi kuma Ɓataccen Birnin kansa ba ya cikin ruwan kowace ƙasa. A 2018 hukumar kula da ƙasan teku ta duniya da ke Kingston a Jamaika ta ba Poland lasisin shekara 15 na neman ma'adinai a wani yanki na tsagar tsakiyar Atlantika da ya haɗa da inda Ɓataccen Birni yake. Alli ba abin da mai haƙar ma'adini zai yi da shi, tagulla da zinki na matattun masu baƙin hayaƙi ake nema, abin tsoron shi ne ƙurar da haƙa a maƙwabta za ta tayar, ta bi ruwa ta zo ta sauka a kan bangon da ramukansa ba su kai ƙofar allura ba.